Me ya sa Amurka ta daina haɗiye ƙasashe bayan 1898?

Ɗalibar_Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya shige mini duhu. A ƙarni na 19 Amurka ta yi ta faɗaɗa iyakarta, wani wuri da kuɗi, wani da bakin bindiga. Amma a zamanin yaƙin cacar baka sai mu ga tana kifar da gwamnatoci ba tare da ta kafa tutarta ba. Yaushe aka sauya salo, kuma me ya haɗa wannan da yaƙi da kwaminisanci?

Malam_Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama. Fara da lissafin filin. A 1803 ta sayi Luwiziyana daga Faransa kan dala miliyan 15. A 1845 ta haɗe Texas, yaƙi da Meksiko ya biyo baya daga 1846 zuwa 1848, aka rufe shi da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, inda Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta aka ba ta dala miliyan 15. Alaska kuma daga hannun Rasha a 1867, kan dala miliyan 7.2. Tsarin iri ɗaya ne: a kori 'yan asalin wurin, kamar yadda dokar 1830 ta ba da dama aka tasa ƙabilar Cherokee zuwa yamma a 1838, Turawa su cika filin, in yawansu ya kai a mai da yankin jiha.

A 1898 ne tsarin ya ci karo da bango. Bayan ta ci Sifaniya da yaƙi, ta karɓi Puerto Rico da Guam, ta biya dala miliyan 20 kan Filifin. To amma Filifin cike take da miliyoyin mutanenta, ba za su koru ba, kuma majalisar Amurka ba ta son su zama 'yan ƙasa masu ƙuri'a. Filifinawan suka ɗauki makami daga 1899 zuwa 1902, aka yi asarar rayuka mai muni. Sai Kotun Ƙoli a shari'o'in 1901 ta buɗe wata kafa, cewa yanki zai iya zama mallakin Amurka ba tare da ya zama ɓangarenta ba.

Kyuba, wadda ita ma ta fita daga hannun Sifaniya a wannan yaƙi, ita ce ta zama samfurin sabon salon. An bar mata tuta da shugaba, amma aka tilasta mata sa sharuɗɗan Platt na 1901 a kundin tsarin mulkinta: Amurka na da ikon shigowa da soja, an taƙaita mata cin bashi, sannan ta ba Amurka hayar yankin Guantanamo don sansanin sojan ruwa a 1903. Wannan ya fi arha nesa ba kusa ba, domin ba kai za ka ɗauki nauyin mulkin jama'a ba.

Hajiya_Rabi:
Malam Bashir ya kawo tushen. Ni zan nuna yadda aikin ke gudana, da misalin Gwatamala. A 1952 shugaba Jacobo Árbenz ya sa hannu kan doka mai lamba 900, wadda ta ƙwace manyan filayen da ba a nomawa, ana biyan diyya bisa darajar da mai filin ya rubuta wa ofishin haraji. Kamfanin ayaba na Amurka mai suna United Fruit ya daɗe yana rage darajar filayensa don kauce wa haraji, sai dabarar ta juyo kansa. Gwamnatin Amurka ta nema masa kusan dala miliyan 16.

Matakan da Amurka da hukumar leƙen asirinta, CIA, suka ɗauka a 1954 don kifar da Árbenz su ne hana Gwatamala sayen makamai, horar da 'yan tawaye ƙasa da 500 ƙarƙashin Castillo Armas a Honduras, kafa gidan rediyo mai yaɗa labarin ƙarya cewa babbar runduna na tafe, da 'yan jiragen sama masu jefa bama-bamai a babban birni. 'Yan tawayen ba su ci wani yaƙin kirki ba. Hafsoshin sojan Gwatamala ne suka tsorata cewa sojan Amurka zai biyo baya, suka ƙi yaƙi, Árbenz ya sauka ranar 27 ga Yuni.

Shi ya sa dabarar ta wargaje a Kyuba a Afrilun 1961. Shugaban Kyuba Fidel Castro ya riga ya rushe tsohuwar rundunar, babu hafsoshin da za a razana. An sauke 'yan gudun hijirar Kyuba kusan 1,400 da CIA ta horar a gaɓar Bay of Pigs, shugaban Amurka Kennedy ya soke hari na biyu ta sama, jiragen Castro da suka tsira suka lalata jiragen ruwa biyu masu ɗauke da harsasai da kayan aiki. Cikin kwana uku komai ya ƙare.

Abu_Khadija:
Hajiya, Allah ya ƙara sani, amma ina da gyara. Kada ɗalibarmu ta ɗauka duk maganar kamfanoni ce aka lulluɓe da sunan kwaminisanci. Tsoron Tarayyar Sobiyet na gaske ne a Washington a wancan lokaci. A 1947 shugaban Amurka Truman ya nemi dala miliyan 400 don Girka da Turkiyya, kuma babu gonar ayaba a can. A Gwatamalar ma, jirgin ruwan da ya kawo makamai daga Cekosulobakiya a Mayun 1954 ya ƙara tayar musu da hankali. Kuskuren da na fi gani shi ne sun kasa bambance ɗan kishin ƙasa da ɗan kwaminis. Mossadegh, firaministan Iran da aka kifar a 1953 bayan ya mai da man fetur mallakin ƙasa, ba kwaminis ba ne.

Malam_Bashir:
Gyaran ya karɓu. Sai dai kayan aikin sun girmi cacar baka: sojan Amurka ya zauna a Haiti daga 1915 zuwa 1934, da Nikaraguwa har 1933. Malama, ki duba Filifin da kyau. Ta sami 'yanci a 1946, amma a 1947 aka sa hannu kan yarjejeniyar sansanonin soja ta shekara 99, har da Clark da Subic Bay. Ki ajiye wannan takarda kusa da sharuɗɗan Platt ki karanta su sakin layi bayan sakin layi.