Tsohuwar bindiga mai zane ta shigo hannu da tsatsa: me kuka yi mata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bindigar gasar harbi ta Jamus ce ta shigo hannuna, irin mai cin harsashi ɗaya, ƙirar Aydt, harsashinta 8.15x46R. A gidan kunama, wato ƙarfen da ya haɗa bututu da ƙota, an zana barewa tsaye cikin ganyaye ta dama, ta hagu kuma maharbi da karensa. Tsatsa ta kama gefen hagun, ƙarfen kuma duk ya dafe. Wanda ya sayar min ya ce in kai a goge a sake mata baƙi, za ta dawo sabuwa fil. Hankalina bai kwanta ba. Waɗanda irin wannan ta taɓa samu, me kuka yi mata da farko, kuma yaya abin ya ƙare?

Dattijo mai tara bindigogin Jamus: Wa'alaikumus salam. Yarona, don Allah kada ka bari injin guga ya taɓa ta. Zurfin zanen nan bai kai kaurin farce ba, wani wurin ma gashin barewar da ƙyar tsinin kurfi ya shafi ƙarfe. Na taɓa riƙe guda biyu ƙirar Aydt a teburi ɗaya wurin gwanjo. Ɗaya baƙa ƙirin da tsufa, amma idan ka juya ta a haske kana ganin jijiyar kowane ganye. Ɗayar tana walƙiya, an goge ta tas: barewar ta zama inuwa, ƙahonta ya narke cikin ganye, kusurwoyin ƙarfen sun dakushe, bakin ramukan sukuru sun lotsa. Masu saye duk kan baƙar suka yi dafifi.

Tawa ta farko da ta zo da tsatsa, ga yadda na bi da ita. Na raba ƙarfe da katako, na jiƙa wurin da mai mara kauri na bar shi ya kwana. Washegari na bi tsatsar da gefen ƙaramin tagulla, a hankali, ina sharewa da tsumman auduga. Tagulla ta fi ƙarfen laushi, tana ɗaga tsatsa ba ta cin zane. Cikin layukan kuwa da tsinken katako na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki lokaci ina maimaitawa har jan ya daina fita a tsumma. Duhun da ya rage na ƙyale shi, shi ne shaidar shekarunta.

Kafin komai ma ka cire katakon da ke ƙarƙashin bututu ka karanta hatimai. Dokar gwajin bindiga ta Jamus ta 1891 ta fara aiki a 1893. Idan ka ga kambi a kan V, bindigar tana nan tun kafin dokar ta fara aiki. Kambi a kan B, U da G na nuna an gwada ta bayan haka, G ɗin na bututu mai murɗaɗɗen layi ne a ciki. Gidan gwaji na garin Zella-Mehlis a Jamus har wata da shekara yake bugawa a wancan zamani. Waɗannan hatiman su ne farkon abin da guga ke cinyewa.

Mai sana'ar zanen ƙarfe: Baba ya gama magana, sai dai in ƙara ta fuskar sana'a. Mutane sukan kawo min wadda aka riga aka goge su ce in sake bin layin. Ina iya bi, amma hannuna ne zai fito, na mai zanen asali ya tafi. Magabata da guduma da kurfi suke aiki, kowane bugu na barin ɗan mataki a cikin layi, musamman a lanƙwasa. Sa gilashin ƙara girma za ka gan su a jere. Kayanmu na yau masu aiki da iska bugunsu ya yi sauri ƙwarai, layin kan fito sumul.

Wannan ne ma hanyar gane zanen da aka ƙara daga baya. An taɓa kawo min wata bindigar Amurka ƙirar Ballard mai zanen rassa a ce na asali ne. Ina dubawa na ga layin ya ratsa ta cikin ramukan da tsatsa ta ci, gefensa da kaifi, cikinsa fari. Da zanen ya riga tsatsa zuwa, ita za ta ci gefen layin. Na faɗa wa mai ita gaskiya, bai ji daɗi ba, amma ya gode.

Sai batun launi. Shuɗi da ruwan ƙasa da toka da ake gani a gidan kunamar wasu, daga ƙona ƙarfen cikin garin ƙashi da gawayi ake samunsu, bayan an gama zane. Launin a sama-sama yake, hannu ma na shafe shi a hankali. Maganin cire tsatsa na kwalba kuwa nan take yake ɗauke shi, har da baƙin bututu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na duba, kambi da B, U, G na nan. Amma babu ma'aunin saiti na baya, sai gurbinsa kawai.

Dattijo mai tara bindigogin Jamus: Haka yawancinsu suke. Maharban kan cire shi su adana a ɗan akwatinsa daban. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin Amurka sun kwashi bindigogin nan da yawa zuwa gida, akwatunan suka tsaya a Jamus. Za ka iya samun na zamaninta, sai dai ba kowanne ke zama a kowane gurbi ba, ka auna kafin ka saya. Kada kuma a huda sabon rami don a ɗaura wani.

Maharbi: Ni na ɗan bambanta da manyana. Ba kowace ake bari yadda ta zo ba. Winchester 1885 ɗita, wadda ake kira High Wall, mai cin harsashi .32-40, na same ta wani ya riga ya bi ta da samfefa, ƙota ta tsage a wuya. Babu sauran asalin da za a kare. Na kai wa gwani ya ɗinke tsagar, ya sake mata baƙi irin na da, mai ɗaukar kwanaki ana tsatsantar da ƙarfe ana tafasawa. Yau ina harbi da ita a filin gasa. Sharaɗin kawai, duk ranar da zan rabu da ita in faɗa wa mai saye abin da aka yi mata.

Abin da na fi so ka kula da shi cikin bututu ne. Ragowar baƙin albarushi na jawo danshi, kuma tsofaffin hulunan harsashi, wato ɗan abin da ke gindinsa mai kunna albarushi, na barin gishiri wanda mai ba ya narkarwa, sai ruwa. Haska fitila ta baya ka leƙa ta baki. Kada ka sa mata harsashi sai maƙerin bindiga ya auna ɗakin harsashin, wato gurbin da yake zama a gindin bututu, domin an sha sauya wa irin waɗannan girma ba tare da an buga alama ba.

Ma'aikaciyar gidan tarihi: Yayana Maharbi, na yarda da kai kan wadda aka riga aka lalata. Ga mai Winchester ma akwai sauƙi, gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wyoming na riƙe da littattafan masana'antar, suna ba da takarda kan yadda bindiga ta fita, da zane ko babu. Na Jamus kuwa, a wancan zamani ƙananan maƙera ne birjik a garuruwan Suhl da Zella-Mehlis, sau da yawa sunan da ke kan bututu na mai shagon da ya sayar ne, don haka jikin bindigar ne takardarta.

A wurin aikinmu, bayan an tsayar da tsatsa, kaki muke shafawa siriri a ƙarfe da katako, irin Renaissance Wax, domin mai yana gangarawa. Na ga ƙota da mai ya jiƙa shekara da shekaru har wuyanta ya yi baƙi ya yi laushi, sassaƙar ganyen da ke wurin ta ruɓe. In dole sai ka sa mai a bututu, ka jingine ta baki ƙasa. Danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 50, kada ta zauna cikin jakar fata ko soso, kuma ka riƙa ɗaukarta da safar hannu. Ɗauki hoton kowane gefe tun yanzu kafin ka fara aiki. Sukundireban da za ka kwance ta da shi kuma a wasa bakinsa ya cika tsagar sukurun daidai, domin a irin taka har kawunan sukurun ma akwai zane.