Arba'in ɗin kakanmu ta matso: sa za mu yanka ko ruwa za mu jawo?

Jikar Baba Tsoho: Salamu alaikum 'yan uwa. Kakanmu ya rasu a Tawa, saura mako biyu a yi arba'in. Mu jikoki, na Yamai da na Abijan, mun haɗa jikka ɗari bakwai. Baffanninmu sun ce a sayi sa da shinkafa, a kafa rumfa, don mutum irin shi ba a sallame shi da gumba da dabino. Ni kuwa masallacin ƙofar gidanshi nike dubawa, inda ya yi ta kiran salla har muryarshi ta dushe, kuma har yau da jarka ake kawo ruwan alwala. Tela ne, kekenshi na nan a zaure. Yunwar 1984 da ake ce ma El Buhari, ya buɗe rumbu yana auna ma maƙwabta hatsi tiya-tiya, bai taɓa tambayar kowa biya ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, mi kuka yi? Kuma jawo famfo nawa yake ci? Bututu ya biyo bakin layinmu, ba rijiya nike nufi ba.

Ba'adare a Abijan: Allah ya jiƙan Baba. Rijiya a ƙasar Adar ba wasa ba ce ƙanwata, dutse ne kuma ruwa na nesa. Tamu wajen Keita ta ci miliyan huɗu da rabi, da simintin Malbaza da kuɗin magina.

Maman Nana: Miliyan huɗu? An cuce ku. Mu wajen Ƙonni miliyan ɗaya da jikka ɗari biyu muka kashe.

Ba'adare a Abijan: Hajiya, fadama daban, tudu daban. Ku da kuke tona gaba shida ku ga ruwa.

Ɗan Bilbis: Wai ke matar marigayi, ba takaba ya kamata ki shiga ba kika zo nan kina lissafi? Shekara nawa yana ce miki amarya, bai ba ki ko sadaki ba?

Jikar Baba Tsoho: Kai dai bari. Alawa ɗaya yake ba ni ya ce an biya. Allah ya kai rahama kabarinshi.

Mushe mai ritaya: Ɗiyata, kafin sa da famfo, an binciki bashi? Shi ake fara fiddawa, sannan wasiyya in bai wuce sulusi ba, sannan rabo. Kuɗinku na jikoki ba gado ba ne, baffanni ba su da iko da shi, amma kada ki faɗa masu haka da bakinki. Ki nemi babbar gwaggonku ta faɗa.

Wani bawan Allah: Tunda an taɓo gado bari in faɗi tawa. Mahaifina ya riga kakana rasuwa da shekara uku, a Libiya, wurin biɗa. Ni na koma gida na riƙe tsoho. Ni ke kai shi likita, ni ke ɗaga shi, ni ke yanke mishi farce, matata ke dama mishi hura. Sauran suna Yamai da Kamaru, sai waya ranar salla. Da ya cika suka zo da manyan riguna, aka yanka shanu biyu, aka kawo kujeru ɗari uku, maroƙa na ta kirari. Kuɗin sa ɗaya ma ni na ranto. Washegarin arba'in aka zauna rabo, malami ya ce jika ba ya gado in akwai ɗa namiji a raye. Ban yi gardama da shari'a ba. Amma tsoho ya sha faɗa a gaban mutane cewa gonar bakin tabki tawa ce, ba a rubuta ba, waɗanda suka ji kuma suka ce sun manta. Kafin damina ta faɗi an sayar da gonar, aka yanka ta fili-fili. Ni bashin sa ya bi ni shekara biyu. Yanzu in na wuce wurin sai in kau da kai. Don haka ni in an ce mini sadakar arba'in, taron raba kaya nike gani.

Maman Nana: Innalillahi. Kai ɗana, Allah ya saka maka. Ko kyauta ba su ba ka ba?

Wani bawan Allah: Rediyonshi da buta, Inna.

Abu Sumayya: Asalin maganar ma, uku da bakwai da arba'in ba su da tushe. Abin da ya zo shi ne maƙwabta su dafa ma masu makoki abinci, kamar yadda aka yi ma iyalan Ja'afar, ba masu makoki su ciyar da gari ba. Kuma da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi sadakar da zai yi ma mahaifiyarshi, ruwa aka nuna mishi. Ki jawo famfo.

Malam na Kolloma: Yaro, sannu da fatawa. Ciyarwa ba sadaka ba ce? Mun iske malamanmu na haɗuwa su sauke Alƙur'ani su yi fatiya, ba su san hadisi ba ne sai kai da waya?

Abu Sumayya: Gafarta Malam, ba raini ba ne, hujja na kawo.

Hajiya ta Bukoki: Ku maza kun iya hujja. Wa ke kwana bakin murhu? A arba'in ɗin mahaifina mata ashirin muka yi girki, rabin abincin cikin leda ya fita, almajirai sai ƙanzo. Sa kuwa jikka ɗari uku da hamsin muka saye shi a kasuwar Tawa ranar Lahadi.

Ɗan Bilbis: Maraƙi kika saya Hajiya. Watan jiya a Badagishiri ba sa na kirki ƙasa da ɗari biyar. Kuma maganar leda a bar ta, wasunmu da ita muke rufa asiri.

Mai albasa Galmi: Da ɗari uku ma ana samu in ba ta hannun dillali aka bi ba.

Jikar Baba Tsoho: Na gode duka, amma har yanzu ba wanda ya faɗa mini kuɗin jawo famfo. Ba rijiya ba, famfo.

Mushe mai ritaya: Jawowar ba ita ce wuya ba ɗiyata. Wa zai riƙa biyan takardar ruwa duk wata? Namu masallacin sau biyu ana yankewa.

Hajiya ta Bukoki: Ni abin da ke ci mini rai ma, tun ba a yi ma mutum wanka ba hotonshi ya cika WhatsApp. Ƙanena a Agadas a nan ya ga rasuwar babanmu, ba wanda ya kira shi.

Ba'adare a Abijan: Mu da ke waje in ba nan ba ina za mu ji? Kuɗi dai a kira mu da tsakar dare mu aiko, amma rasuwa sai an rufe a gaya mana, wai kada hankalinmu ya tashi.

Wani bawan Allah: Ku da kuke aikowa a yanka shanu, ku riƙa aiko na magani tun mutum na numfashi.

Ba'adare a Abijan: Ɗan uwa, kada ka haɗa mu duka da baffanninka. Ka san abin da muke ci a nan kafin a tara jikka goma?