Zagaya haruffan Hausa a Python: me ya sa z da ƙ suka ƙi fitowa?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa 'yar manhajar koya wa yaran firamare baƙaƙe a nan Jos. A Python, harshen rubuta manhaja, na rubuta `for i in range(97, 122): print(chr(i))` don ta jero mini haruffa, sai ta tsaya a y. Babu ɓ, ɗ da ƙ, ga kuma q da x da ba mu da su. Ina gizo ke saƙar?

Malamin Terminus: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar z mai sauƙi ce. Kowane harafi yana da lambarsa a kwamfuta, chr ke mayar da lambar zuwa harafi: lambar a 97 ce, ta z kuwa 122, amma range ba ya taɓa lambar ƙarshe da ka ba shi, don haka ka sa 123. Kada kuma ka ce za ka haɗa manya da ƙanana daga 65 zuwa 122, domin tsakanin Z da a akwai alamomi shida da za su shigo maka.

Yar Rayfield: Malam ya yi daidai, sai dai gyaran bai kawo haruffanmu ba. Ƙirgen nan na ASCII ne, tsohon tsarin bai wa haruffa lambobi, wanda aka tsara kan haruffan Turanci 26. Namu a warwatse suke cikin Unicode, babban tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya: ƙ tana 409, ɓ tana 595, ɗ tana 599. Sannan sh da ts da 'y kowanne harafi ɗaya ne a wurinmu, kwamfuta kuwa alamomi biyu take gani. Ka bar ƙirge, ka rubuta jerin da hannunka:

`haruffa = "a b ɓ c d ɗ e f g h i j k ƙ l m n o r s sh t ts u w y 'y z".split()`

`for h in haruffa: print(h)`

Ka adana fayil ɗin a UTF-8, wato tsarin adana rubutun Unicode. In ka ga akwatuna a allo, salon rubutun (font) ne ba shi da haruffan.

Malamin Terminus: Gaskiya ne Hajiya. Wajen manyan baƙaƙe a lura: `upper()` tana mayar da ɓ zuwa Ɓ lafiya lau, amma sh ta koma SH. Ga sh da ts sai a yi amfani da `capitalize()`. Haka in za ka jera sunayen ɗalibai, `sorted()` za ta kai Ɗanladi bayan Zainab, sai ka ba ta `key` mai bin matsayin kowane harafi a jerinka.