Neman shawara: shiga Zanzibar ta jirgin ruwa da ɗan abin da ke aljihu

Baban Amira, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waya nake sayarwa a Ikeja, na ɗan yi tari ina so in kai maiɗakina Zanzibar bayan Babbar Sallah. Aljihun dai ba nauyi. An ce min sauka a Darussalam, birnin Tanzaniya da ke bakin teku, a hau jirgin ruwa ya fi araha a kan sauka a tsibirin kai tsaye. Haka ne? Nawa ne tikitin, ina ake yanka? Kuma ita ko jirgin Ikorodu zuwa CMS ta hau sai jiri ya ɗebe ta.

Alhaji na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye maganar jirgi tukuna. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu an tantance, ta intanet ake cikewa, kuma su da kansu suna cewa a nema da wata 2 kafin tafiya. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba. Ku je ofishin lafiya na filin jirgin Murtala ku yi katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan.

Hajiya Maman Sadik, Mile 12: Ƙanena, ina zuwa sari kasuwar Kariakoo a Darussalam, na san hanyar. Tashar jirgin ruwan tana bakin titin Sokoine, daura da babban cocin St. Joseph. Jiragen Azam masu gudu, waɗanda aka rubuta wa Kilimanjaro, kusan awa 2 suke yi. Baƙo farashinsa daban da na ɗan ƙasa. Kujerar talakawa wajen dala 35 na biya zuwa kawai, amma ka duba shafinsu kafin ka tashi.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne 'yan kamasho. Tun ba ka sauko daga tasi ba za ka ga hannu ya riƙe jakarka, wani na cewa ofis ya cika, ga nasa shagon can lungu. Kada ka kula kowa. Ka riƙe kayanka, ka miƙe tagar kamfani da fasfonku, don da suna ake yanka tikitin. Mai dako kuma ku yi ciniki kafin ya ɗora kaya a ka.

Ɗan Kano na Alaba Rago: Hajiya, da girman kujerarki, ni ban yarda arahar nan tabbas ce ba. Baban Amira, yi lissafi: mutum 2, zuwa da dawowa, dala 140 ke nan. Ƙara motar filin jirgi zuwa tasha. Kuma jirgin ruwan ƙarshe da yamma yake tashi, in naku ya sauka da dare sai kun kama ɗaki a Darussalam. Kamfanin Ethiopian ta Addis Ababa da Kenya Airways ta Nairobi duk suna sauka Zanzibar kai tsaye. In bambancin bai kai wannan lissafin ba, wahalar me za ka ba baiwar Allah?

Hajiya Maman Sadik: Gaskiyarka. Ni sayayya ke tsayar da ni Darussalam, shi ya sa.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Na duba, a ranakun da nake so bambancin ya haura haka, don haka ruwan dai za mu bi. Jirin fa, Hajiya?

Hajiya Maman Sadik: Ku kama jirgin farko na safe, teku ta fi kwanciya. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu ke kaɗawa, kuma dawowa ta fi zuwa girgiza, har leda ma'aikata ke rabawa. Ta sha maganin jiri kafin ku hau, kada ta cika ciki da maiƙo, ta zauna a hawan ƙasa na jirgin ta wajen baya, ta bar kallon waya. Ɗan citta a baki ma yana taimakawa. In wani ya ce ga kwale-kwale ko jirgin kaya mai rahusa, ka ce Allah ya ba da sa'a. A 2012 wani jirgi ya nutse a wannan hanyar, rayuka da yawa suka salwanta.

Malam na Obalende: Ƙari kaɗan. Tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshora ta dala 44, a hannun kamfanin inshorarta ake saye ta intanet, wadda ka yi a Legas ba ta maye gurbinta. Duk da Zanzibar cikin Tanzaniya take tun haɗewar 1964, za a sake duba fasfonku a tashar tsibirin, kada ka cusa shi ƙasan akwati. Kana fitowa kana cikin tsohon garin, Stone Town, ƙananan masaukai da ƙafa ake isa. Da magariba ku je Forodhani a bakin ruwa ku ci tsire da rogo, amma ka tambayi kuɗi kafin a zuba maka. Zuwa Nungwi kuma, garin bakin teku a arewacin tsibirin, motar haya da suke kira daladala ta fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba. Garin Musulmi ne, masallaci ko abincin halal ba zai ba ku wuya ba.

Alhaji na Idi-Araba: To ka ji. Gobe ka fara cike bizar, in ta fito ka zo shago in haɗa ka da mai canji.