Jina yana raguwa, kuma ba zan iya barin injin niƙa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar kunne.

Niƙa ce sana'ata tun ina saurayi, gaban inji nake wuni. Yanzu kunnuwana suna ƙugi ba dare ba rana, kuma in majalisa ta cika ina jin ana magana amma ba na tantance abin da ake faɗa. Muryar mata da yara ta fi ɓace mini. Huɗubar Juma'a ma rabi nake kamawa, wannan ya fi komai damuna.

An duba, ba dauɗa ba ce. Gwajin ji ya nuna siraran sautuka ne suka tafi, likita ya ce abin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Auduga nake cusawa, amma ba ta tare komai.

Wane abin toshe kunne ne ke aiki a gaban inji? Na'urar ƙara ji ta kasuwa za ta yi, ko sai wadda aka saita da sakamakon gwajina? Bayan wata nawa zan maimaita gwajin? Ko in nufi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna?