Jama'a meye sunan COS da Hausa? Saura kaɗan na sa kawuna ya sayo katako ƙafa 39

Salamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana Hausa da na lissafi, amma bari na fara ba ku labarin kunyar da na sha jiya don ita ta jawo maganar.

Kawuna kafinta ne a nan ƙauyenmu ta wajen Ringim, tun kafin a haife ni yake ɗora kwano, bai taɓa riƙe kalkuleta ba, daga igiya sai tef sai ido. Ni kuma tunda na yi ɗan kwas na kwamfuta na dawo da tsohuwar laftof sai nake jin kaina injiniya. An ba shi rufin ɗaki mai faɗin ƙafa 12, irin mai tozo a tsakiya, na ce Kawu bari na fitar maka da tsawon rafta a Excel kafin ka tafi sayen katako, a daina kintace. Lissafin ba wuya, rabin faɗin ɗakin wato ƙafa 6 za a raba da COS (wato kosain na lissafin kusurwa) na gangaren rufin, mun ce digiri 30. Na buga =6/COS(30) ina hura hanci. Sai ga 38.9.

Kawu ya ce nawa ta ce? Na ce wai ƙafa 39 ba kaɗan. Ya kalli ɗakin ya kalle ni, ya ce "ɗan nan, ɗaki zan rufa ko hasumiyar masallacin Juma'a?" Yaran shago har da riƙe ciki. Ya ce ƙafa 7 ne, sai ɗan abin da zai leƙo waje saboda ruwan sama.

Da daddare na gano inda na kwafsa. Ashe COS na Excel ba ya jin digiri, radiyan yake ji, haka ma a Google Sheets da LibreOffice. Da'ira guda digiri 360 ce amma a radiyan 6.28 ce kacal, radiyan 1 ya kai wajen digiri 57.3, to ni da na ba shi 30 sai ya ɗauka radiyan 30 nake nufi, ya zagaya da'ira sau 4 da wani abu ya dawo min da 0.154 maimakon 0.866. Da na gyara na rubuta =6/COS(RADIANS(30)) sai ga 6.93. Ƙafa 7 ɗin Kawu kenan, wlh sai da na ji kunya sabuwa.

To da safe ina masa bayani sai ya ce shi wannan kos ɗin meye shi da Hausa? Na yi shiru. Wani yaronsa ya ce ƙosai ne Oga. Don Allah ku taimaka kafin sunan nan ya bi shi.

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Larabawa jaibut tamam suke ce masa, shi kuma ɗan'uwansa SIN su ce jaib. Kuma ka san abin mamaki, jaib ɗin nan ita ce aljihunmu, daga al-jaib Bahaushe ya samo aljihu. Tamam kuma cika. Don haka ba sai mun je nesa ba, SIN aljihu, COS aljihun ciko. Kalmar tana gida tun tuni.

Malamin lissafi:
Allah gafarta Malam, tarihin ya yi daɗi amma ni ban yarda da aljihu ba, don shi kansa aljihun kuskuren karatu ne ya haife shi. Asalin kalmar daga Indiya take, masana taurarinsu irin su Aryabhata suna cewa jya ko jiva, ma'ana tsarkiyar baka, saboda in ka ja layi tsakanin wuri biyu a jikin da'ira sai ka ga baka da tsarkiyarsa. Larabawa suka ara suka ce jiba, kuma Malam ya fi ni sanin rubutun Larabci ba wasali, jimun da ya'un da ba'un ne kawai a takarda, sai na baya suka karanta jaib. Masu fassara zuwa Latin suka ga aljihu suka sa sinus, wato lanƙwasar riga. Shi kuma co ɗin ciko ne, wani Bature ɗan Ingila Edmund Gunter ya fara haɗa su a 1620, ma'ana SIN na abin da ya rage kusurwa ta cika 90, shi ya sa COS na 30 daidai yake da SIN na 60. To kuskuren da ya yi ɗaruruwan shekaru yana yawo mu ma sai mu ɗauko mu goya? In dai tarihi za a bi tsarkiya ce gaskiya.
Amma ni ra'ayina a bar shi kosain kawai. Yaran da nake koyarwa cos za su gani a takardar WAEC da NECO, kuma ko ka raɗa masa suna da ragon suna, COS ɗin nan dai za ka buga a Excel.

Mai tambaya:
Malam na gode, amma ka je ka ce wa kawuna cikon tsarkiya ka ga irin kallon da zai maka. Bugawa kam kowa ya yarda COS ne, ba wanda ya ce a canja. Ni abin da zan faɗa da baki nake nema, wanda in mutum ya ji zai hango abin.

Wata malamar firamare:
Ku ɗauko tsani ku jingina da bango mana. Tsani mai ƙafa 10, in ka kwantar da shi ƙasa warwas, kusurwa sifili, duk ƙafa 10 ɗin a kwance suke, COS ya ba da 1. Ka ɗaga kansa zuwa digiri 60, daga gindinsa zuwa bango saura ƙafa 5, COS ya ba da 0.5. Ka miƙe shi cak a 90 babu sauran kwanciya, sifili. Kamar inuwarsa ce lokacin da rana take tsaka. Abin da COS yake faɗa maka kenan, kashi nawa na abin da ya jingina ne yake kwance. Ni sai na ce awon kwance. SIN kuma awon tsaye, an huta.

Malamin lissafi:
Malama wannan ya zauna a baki, ba zan ƙi gaskiya ba. Sai dai in kusurwa ta wuce 90 fa? COS na 120 ai -0.5 ne. Akwai kwanciya ƙasa da sifili?

Malamar firamare:
Akwai mana Malam, tsanin ya wuce tsaye ya rinjaya ta baya kenan, kwanciyar tana nan amma ta juya wancan ɓangaren. Duk wanda tsani ya taɓa kifewa da shi ya san wannan lissafin a jikinsa.

Mai tambaya:
Hahaha Malama kin gama magana. Af, na gwada na 90 ɗin yanzu, =COS(RADIANS(90)) bai ba ni sifili ba fa, wani abu ya fito mai 6 a gaba da E-17 a ƙarshe, har na ce ko laftof ɗin ce ta fara.

Malamin lissafi:
Lafiyarta ƙalau. E-17 na nufin 6 ɗin yana can bayan ɗigo da sifili 16 a gabansa, ƙura ce kawai, saboda kwamfuta ba ta iya riƙe PI, lambar nan 3.14 da ake lissafin radiyan da ita, har ƙarshe, lamba 15 Excel yake nunawa. Ka naɗe shi da ROUND, mai taƙaita lambobin bayan ɗigo, zai koma 0. Ni dai sharaɗina ɗaya, a aji zan riƙa cewa kosain wato awon kwance, su tafi tare, kar yaro ya shiga jarrabawa yana neman awon kwance a takarda.

Malamin Islamiyya:
To na janye aljihuna, amma a rubuta cewa mu muka riga kowa mallakar kalmar.

Mai tambaya:
An rubuta Allah gafarta. Na je na samu Kawu a kan ginin ɗazu, na ce Kawu sunansa awon kwance, in ka raba rabin ɗaki da shi sai ya ba ka rafta. Ya cire ƙusa daga bakinsa ya ce "to da ka faɗi haka tun jiya ai da ba a yi hasumiya ba." Na canja kan layin a fayil ɗin, yanzu awon kwance ne a rubuce a saman. Raftocin ma ya riga ya kafe su, ƙafa 7 da ɗan leƙe.

Saura radiyan, wanda shi ne ma ya kayar da ni. Wa yake da suna?