Yadda Ake Atisayen Koyon Rubuta Manhaja

Wasu masu sana'ar rubuta manhaja sun tattauna yadda ake koyonta, kuma sun haɗu a kan abu guda: kallon bidiyo ba koyo ba ne. Ka kalli darasi, ka rufe shi, ka sake rubuta kod ɗin, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, da hannunka ba tare da kwafa ba. Inda ka maƙale, nan ne ba ka gane ba.

Minti 40 kullum ya fi awa 6 ranar Asabar. Ka riƙe yaren rubuta manhaja ɗaya, misali Python, har ka gina ƙaramin abu mai amfani, kamar littafin bashin kanti: suna, kuɗi, ranar biya.

Masu tattaunawar sun fi daɗewa a kan kurakurai. A Python, fara karanta saƙon kuskure daga layin ƙarshe, can ne sunansa yake. Kuskuren da ake kira IndexError yawanci mantuwa ce cewa ƙirgen abubuwan da ke cikin jeri daga 0 yake farawa. Shi kuwa input(), umarnin karɓar abin da mutum ya shigar, rubutu yake dawo da shi, ba lamba ba, shi ya sa haɗa 2 da 3 ke ba ka 23. Sai ka saka int(), mai mayar da rubutu lamba. Gyara ɗaya, gwaji ɗaya, in ya yi aiki ka adana da Git, manhajar ajiye tarihin canje-canjen kod.

Kan neman taimakon ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambayoyi, ra'ayi ya rabu. Mafi rinjaye sun ce ka yi fama minti 30 tukuna, sannan ka nemi bayani, ba amsa ba.